Lissafin da ke cikin Balatro

Ɗana, ka tambaye ni me ke riƙe mutum a kan wasan kwamfutar nan Balatro har dare ya raba alhali karta ce kawai, kuma ko mu ma za mu iya haɗa irinsa a shagonmu na Yamai. Za mu iya. Ai mutum ɗaya ne, wanda aka sani da LocalThunk, ya rubuta shi da harshen kwamfuta na Lua, ya fito a Fabrairun 2024, ya zo kan salula a Satumbar shekarar. Amma kafin ka taɓa kwamfuta, zauna ka fahimci lissafinsa, don a nan aikin yake.

Ana farawa da karta 52 da kowa ya sani. A ba ka takwas a hannu, ka zaɓi waɗanda ba su wuce biyar ba ka buga, bisa haɗin wasan karta na poka, kamar karta biyu masu daraja ɗaya. Ba ka da abokin karawa sai adadin makin da aka ɗora maka: zagayen farko 300, kuma bugu huɗu kake da shi. Kowane haɗi yana zuwa da lambobi biyu, maki da ninki. Ka ce ka buga sarakuna biyu. Haɗin yana da maki 10 da ninki 2, kowane sarki ya ƙara 10, ka ga 30 sau 2, wato 60. Da irin wannan bugu ko zagayen farko ba za ka haye ba, balle na ƙarshen mataki na takwas (kowane mataki zagaye uku ne) da ke neman 100,000.

To, nan joka ke shigowa, wato katuna na musamman da ake saye a cikin wasan. Akwai su 150, gurbi biyar gare ka, kuma kowanne yana sauya dokar lissafi. Sayi mai ƙara 4 a kan ninki, sarakunan nan sun koma 30 sau 6, 180. Samo wani mai ruɓanya ninki sau biyu. In ka ajiye shi a dama, sai a fara tarawa sannan a ruɓanya: 30 sau 12, 360. In ka kai shi hagu, 2 ta zama 4, a ƙara 4, ka tashi da 240. Karta ba ta canza ba, joka ba su canza ba, wurin zama kaɗai ya ci maka 120, saboda injin daga hagu yake karantawa zuwa dama. Wannan abu yana burge ni ƙwarai, domin layi kaɗan ne a rubutu, amma ya ba mai wasa abin da zai yi ta tunani a kai.

Bayan kowane zagaye akwai kanti. Katunan duniyoyi suna ɗaga darajar haɗi guda, katunan tarot kuma suna canza kartarka, su mai da ita wata alama, su ƙara mata ƙarfi, ko su share ta. Kada ka raina sharewar nan. Duk kartar banza da ka fitar, mai amfani ta ƙara kusantar hannunka. Kuɗin cikin wasa ma suna haihuwa: kowane biyar da ka ajiye yana jawo ɗaya, har iyakar biyar a zagaye, shi ya sa mai kashe komai da wuri yake shan wuya a gaba. Zagaye na uku a kowane mataki kuma da sharaɗinsa yake zuwa, wani ya kashe alama guda, wani ya bar maka bugu ɗaya tak.

In ka faɗi, komai ya tafi, sai sabon zubi da sabon kanti, salon da aka gada daga wasan Rogue na 1980.

Na san iyaye za su ce caca ce. Ko a Turai hukumar PEGI mai ƙayyade shekarun masu buga wasanni ta taɓa sa masa shekara 18, daga baya ta mai da shi 12 a 2025. Ba a zuba kuɗin gaske, ba a cin na kowa. Duk da haka namu ba sai ya ɗauki kamannin gidan caca ba, muna iya gina shi a kan kayan kasuwa ko dabbobi.

Gobe in Allah ya kai mu, bar zane tukuna. Rubuta mini sashen da zai karɓi karta biyar ya gane haɗinsu, da joka biyun nan, ka sauya musu wuri mu ga ko 360 da 240 za su fito.