Injin yanka bai san ruwa ba

Jiya muna tattara kaya ka ce da ni: "Maigida, tunda ga injin da kwamfuta ke sarrafawa yana yanka katako daidai da zane, ga kuma zanen kwale-kwale birjik a intanet, wasu ma kyauta, me ya sa har yanzu kake sa ni ɗaukar tef da fensir? Ba sai mu sauke fayil, mu kai a yanka, mu zo mu haɗa ba?" Hannuna duk gam a lokacin, shi ya sa na ce ka bari sai na zauna.

Kada ka ɗauka ƙyamar injin nake yi. Ni da na sha durƙuso a ƙasa ina zana jirgi da ainihin girmansa, ina kafa ƙusa a kowane awo, ina lanƙwasa siririn katako a jikinsu don layi ya fito sumul, na fi ka sanin amfaninsa. Aikin da ke cin mana kwanaki yakan gama shi kafin la'asar. Gefen dama da na hagu su fito kamar an tsaga kara, har 'yan hujojin waya ya huda maka su a inda ya kamata.

Amma dubi irin haɗin da muke yi, wato ɗinki da gam. Mu yanka filawud, mu ɗinke bakin wannan da na wancan da wayar jan ƙarfe, mu cike lungunan da gam ɗin ifoksi, mu lulluɓe da ƙyallen faiba, wato ƙyallen zaren gilashi. Hanyar ta bazu ne da wani ƙaramin jirgi mai suna Mirror da Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara a Ingila a farkon shekarun 1960, wanda mutane suka riƙa harhaɗawa a gidajensu. A wannan haɗin babu wani ƙwarangwal da aka fara kafawa da zai tilasta wa katako siffa. Siffar jirgin kaf tana cikin bakin kowane falle. Idan baki ya kauce da milimita biyar a wurin da bai kamata ba, wani jirgin daban za ka samu, ko kuma ya murɗe. Don haka injin ya dace da aikin ƙwarai, don haka kuma kuskuren fayil ya fi na zarto illa. Mai zarto yakan tsaya ya ce anya kuwa? Inji ba ya tsayawa.

Shi fa ba jirgi yake gani ba. Layuka yake gani. Fayil ɗin da ake yawo da shi galibi DXF ne, sai mai inji ya mayar da shi umarnin da ake kira G-code, wanda ke ce wa haƙorin inji je nan, nutse kaza, yi gudu kaza. Tsakanin mai zane da haƙorin nan akwai ramuka da yawa.

Ramin rikita inci da milimita kowa ya san shi, kuma ba ya ba ni tsoro, don inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuskuren yakan fito ɓaro-ɓaro tun a fuskar kwamfuta. Ƙananan su ne mugaye. Haƙori mai kaurin milimita 6, idan aka sa shi ya bi tsakiyar layi maimakon wajensa, zai cinye milimita 3 a kowane baki, kuma ido ba zai gaya maka ba sai wajen haɗi. Haƙorin kuma zagayayye ne, ba zai iya fitar da kusurwa mai kaifi ta ciki ba, sai ya bar ɗan lanƙwasa. In mai zanen ya san aikinsa za ka ga ya ɗan faɗaɗa kowace kusurwa da ƙaramin da'ira don abin da za a cusa ya zauna har ƙasa. In babu su a fayil, to ka shirya gyara kowane lungu da hannu. Sai kaurin filawud: abin da aka rubuta milimita 6 a jikinsa sau da yawa bai kai ba, ko ya ɗan haura. Mai zane ya yanke tsagar da ake cusa wani katako a ciki daidai da kaurin katakon da ke hannunsa, ba naka ba.

Akwai kuma batun jijiyar katako, wanda masu inji suka fi yawan taka wa. Filawud ya fi saurin lanƙwasa ta wata fuska fiye da wata. Manhajar da ke jera guntaye a kan falle burinta ta rage asara, sai ta juya maka gefen jirgi a karkace don ya shige wani gurbi. An tsira da rabin falle, amma gefe ɗaya yana lanƙwasa da sauƙi, ɗayan yana gardama. Ka gaya wa mai inji tun farko waɗanne guntaye ne ba a juyawa.

Bari in ba ka labarin da ya sa nake wannan naci. Na taɓa sauke zanen wani ƙaramin jirgi, fayil tsaf, hotuna masu kyau. Na kai aka yanka, na fara ɗinki daga baya ina zuwa gaba, komai yana zama lafiya lau. Da na iso goshin jirgi sai ga tazara tsakanin gindi da gefe, yatsuna biyu suna shiga. Na ja waya, na ƙara ja, sai ji na yi katako ya ce ƙas, fatar waje ta tsage. Da na bi diddigi, ashe mai zanen ya gyara siffar gefen daga baya, wani kuma ya kwafi fayilolin ya haɗa sabon gefe da tsohon gindi ya sake sakawa. Injin bai yi laifin komai ba, abin da aka ba shi ya yanka, har da kuskuren, sumul. Da na ɗora tef a kan bakin nan biyu tun a zane, minti goma ya isa in gane tsayinsu bai zo ɗaya ba.

Tun daga ranar, kafin in kalli kyan zane nakan tambaya: an taɓa gina shi? Akwai hotonsa a kan ruwa da mutum a ciki, ko hoton kwamfuta ne kawai? Zana abin da ya yi kama da jirgi ba wuya, amma filawud ba ya lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci guda, kuma manhaja za ta iya shimfiɗa maka siffar da katako ba zai taɓa yarda da ita ba. Kuma kada ka yarda da ruɗin nan na ƙara girma da danna maɓalli. Ka ninka tsawo da faɗi da zurfi sau biyu, cikin jirgin ya ninku sau takwas, kaurin katako da tazarar haƙarƙari duk sun tashi daga aiki. Ka duba sharaɗin mai zane ma. Da yawa daga masu sayar da zane izinin gina jirgi ɗaya suke bayarwa, wasu masu bayarwa kyauta kuma sun hana a yi kasuwanci da shi. Gumin wani ne.

Abu na ƙarshe shi ne tsawo. Fallen filawud milimita 2440 ne a 1220, jirgin mita huɗu dole sai da haɗi. Mu da hannu fere baki muke yi a karkace, takwas bisa ɗaya, wato katako mai milimita 6 a fere masa 48. Inji kuwa yakan yanka bakin biyu da 'yan kunnuwa masu shiga juna. Yana da sauri, amma sai an bi shi da faiba, kuma 'yar rawar da ke cikin haɗin takan zama babbar karkata a can ƙarshen falle. Ja zare daga wannan ƙarshe zuwa wancan ka auna kafin gam ya kama.

Saboda haka fayil ɗin nan da ka nuna min a waya, ban hana ba, za mu iya gina shi. Gobe ka buga shi ɗaya bisa goma, ka manna a kwali, ka yanka, ka haɗa da salatif mu ga ko goshinsa zai rufe. Ka auna kaurin filawud ɗinmu a wuri huɗu ka rubuta. In mun je wajen mai inji, tsaga ɗaya tak zai fara yi mana a kan ragowar katako, mu cusa mu gani, sannan a ɗora falle na farko.