Tambaya da Amsa: Manhajar lissafi ta mayar da kuɗin sallamata naira 2,400

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya a Zariya. Kuɗin sallamata na zuba a wani asusun jari na haɗaka, irin na halal, aka ba ni yunit, wato kason jari, guda 2,400. Ɗana ya sa mini GnuCash a kwamfuta don in riƙa bin lissafi da kaina. Mun danna inda ake cewa ta nemo farashi daga intanet, shiru. Sai ya kwafo farashin daga takardar da kamfanin ke aiko mini, ya jera a fayil ya shigar. Yanzu manhajar ta ce dukiyata naira 2,400 ce kacal, alhali yunit ɗaya naira 1,250.40 ne. Farashin 3 ga Afrilu kuma ya koma 4 ga Maris, wasu ranakun sun ɓace baki ɗaya. Daren nan ban runtsa ba.

AMSA: Wa alaikumussalam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Kuɗinki suna hannun masu kula da asusun, naira miliyan uku da 'yan kai a lissafin da kika bayar. GnuCash littafin rubutu ce kawai, abin da aka zuba mata shi take maimaitawa.

Shirun intanet ɗin ba abin mamaki ba ne. Manhajar ba ta san farashin komai da kanta ba. Wani ɗan aike gare ta mai suna Finance::Quote, shi ke zuwa shafukan kasuwa ya ɗauko. Da yawan masu amfani da ita Yahoo suka dogara da shi, har watan Nuwamba na 2017 da ya rufe tsohuwar ƙofar da ake kwasar farashi kyauta, aka koma wasu hanyoyin irin su Alpha Vantage, wanda sai an yi rajista an karɓi lambar shiga. Duk wannan kuwa kasuwannin Amurka da Turai ya fi amfana. Asusun haɗaka na gida irin naki kamfanin da ke kula da shi ne ke fitar da farashinsa, sai kuma SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar jari ta Najeriya, da ke wallafa ƙimar irin waɗannan asusun mako-mako. Don haka ku daina wahalar da wancan maɓallin. Hanyar da yaron ya bi ta fayil ita ce daidai, tuntuɓe ya yi a wuri biyu.

Ki ce masa ya buɗe fayil ɗin da Notepad, kada ya buɗe da Excel, don Excel kwalliya yake yi wa lambobi ya ɓoye ainihin abin da ke ciki. Ina kyautata zaton zai ga layi kamar haka: 03/04/2024,1,250.40. To a irin wannan fayil da ake kira CSV, waƙafi shi ne katangar da ke raba gurbi da gurbi. Manhajar ta karanta kwanan wata, ta tsallake katanga ta ga 1, ta sake cin karo da waƙafi, ta ce shi ke nan, farashi naira ɗaya ne. Ragowar 250.40 ta faɗa gurbin da ba wanda ya tambaye shi. Naira ɗaya sau yunit 2,400, ga abin da ya hana ki barci. Ya cire waƙafin dubu daga kowane farashi ya zama 1250.40, ya kuma goge alamar naira in ya sa ta.

Na kwanan watan ni ma ya taɓa kayar da ni, na yi yini guda ina zargin kwamfutata da ba ta ji ba ta gani ba. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa kuwa wata suke sawa gaba. A allon shigar da farashi akwai wurin zaɓen tsarin kwanan wata, kuma ga alama m-d-y, wato wata-rana-shekara, aka bari. Shi ya sa 03/04 ya zama 4 ga Maris. Da ta iso 13/04 sai ta nemi wata na goma sha uku ta rasa, ta yi wa layin alamar kuskure. Na tabbata yaron, da gaggawa irin ta samari, ya danna akwatin tsallake kurakurai ya wuce abinsa. Duk ranar da ta haura 12 ga wata can ta tafi. Wannan kuskuren ya fi na waƙafin haɗari, domin naira 2,400 kowa ya gani ya san da matsala, amma farashin da ya zauna a watan da ba nasa ba sai ya shekara ba a lura ba. Ya zaɓi d-m-y, wato rana-wata-shekara. In son samu ne ma ya rubuta 2024-04-03 ya zaɓi y-m-d, wannan ba mai juya shi.

Kafin ya sake shigarwa, ya ajiye kwafin fayil ɗin lissafinki a gefe. Daga nan ya shiga rumbun farashi, wato Price Database, ya goge gurɓatattun da hannu. A allon shigarwa akwai akwatin Overwrite da ke sa sabon farashi ya danne tsoho, amma na rana ɗaya kawai yake dannewa, wanda ya ɓata zuwa 4 ga Maris yana nan daram sai an bi shi an cire. Ya kuma tabbatar kuɗin da ya zaɓa NGN ne, wato naira.

Takardarki za ta nuna farashi biyu, na saye da na sayarwa. Ki sa wanda kamfanin zai biya ki in kin mayar musu da yunit, shi ne ƙaramin, shi ne kuma abin da zai shigo hannunki. Ni dai a ganina mai ritaya ba ta da buƙatar farashin kullum. Na ƙarshen kowane wata ya wadatar, sai na ranar da kike lissafin zakka. Layi goma sha uku a shekara, da hannu ma kya rubuta su a rumbun ba tare da wani fayil ba.

TAMBAYA: Daga Maraɗi nake. Nawa fayil ɗin gaba ɗayansa gurbi ɗaya yake cunkushewa, me ya jawo?

AMSA: Malam, Excel ɗinka na Faransanci ne. A can waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, 1250,40, don haka waƙafi mai ruwa yake sawa tsakanin gurabe. A allon shigarwa ka cire alamar da ke kan waƙafi, ka sa ta kan waƙafi mai ruwa, sannan a tsarin kuɗi ka zaɓi wanda aka rubuta 123.456,78. Ka dubi teburin gwajin da ke ƙasa, in gurabun sun rabu ka ci gaba.