Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa Tsohuwar Kwamfuta da Intanet

Saƙonnin da suka taru a wannan makon sun karkata wuri guda: masu tsofaffin kwamfutocin gida na shekarun 1980 da farkon 1990 suna son su ga injinan nan sun leƙa intanet, kuma suna tsoron kada su zuba kuɗi a kayan da ba zai yi musu aiki ba. Na taƙaita tambayoyin, na cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Commodore 64 daga mahaifina, kuma har yau tana tashi lafiya lau. Na ga ana sayar da modem mai Wi-Fi, na ga wani abu wai shi RR-Net, na kuma ga Ultimate II+. Wanne zan saya? Zan iya buɗe Facebook da YouTube a kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Facebook da YouTube dai, ɗan'uwa, ka cire su daga rai tun yanzu, domin babu kayan da za ka saya su buɗu. Commodore 64 ta fito a 1982, ƙwaƙwalwarta kilobait 64 ce kacal, injinta yana gudun kusan megahaz 1. Matsakaicin shafin intanet na yau ya haura megabait 2, wato ya ninka ƙwaƙwalwar kwamfutarka gaba ɗaya fiye da sau 30. Ga kuma matsala ta biyu wadda ta fi wannan tsauri: kusan kowane shafi yanzu a kulle yake da tsarin TLS, wanda shi ne ake gani a matsayin https a farkon adireshi. Lissafin buɗe wannan kulli ya fi ƙarfin injin 1982.

Amma intanet ba shafuka ba ce kaɗai. Akwai tsofaffin hanyoyi na rubutu zalla da har gobe mutane ke bi, kuma a nan kwamfutarka take da ta cewa. Mafi daɗi a cikinsu su ne allunan BBS, wato kwamfutocin da jama'a ke shiga su ajiye saƙo su karanta na wasu. A da ta layin tarho ake kiran su, yanzu ta intanet ake shiga, kuma da yawa masu Commodore ne suka kafa su don 'yan'uwansu masu Commodore. Za ka tarar da zaurukan hira, saƙonni, wasanni, da manhajoji na saukewa, duk an zana su da haruffa da launukan PETSCII, irin waɗanda ke jikin maɓallan kwamfutarka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ka fara zaɓen manhajar da za ka yi aiki da ita, sannan ka sayi na'urar da take ji. Kowace manhaja a wannan duniyar da irin na'urar da aka rubuta ta dominta, kuma wannan ne ke jawo wa mutane asara.

In BBS kake so, manhajarka ita ce CCGMS, ko Novaterm, kuma na'urarka ita ce modem mai Wi-Fi da ake sokawa a kafar da ake kira user port da ke bayan kwamfutar ta gefe. Yawancinsu ƙaramin guntun ESP8266 ne a ciki, wanda yake yi wa kwamfutar shigar tsohon modem na tarho. Za ka loda CCGMS, ka haɗa modem ɗin da Wi-Fi na gidanka sau ɗaya, sannan ka rubuta ATDT, wato umarnin kira, da adireshin allon BBS ɗin. Bayan ɗan lokaci kalmar CONNECT ta bayyana, sai ka ga rubutu yana zubowa layi bayan layi. A gudun bit 2400 a daƙiƙa, haruffa kusan 240 ke shigowa a daƙiƙa, fuskar kwamfutar kuwa tana cin haruffa 1000, layi 25 kowanne da haruffa 40, don haka cikin daƙiƙa huɗu ta cika. Idan modem ɗin yana da haɗin da ake kira UP9600, daƙiƙa ɗaya ta isa. Ka tambayi mai sayarwa wannan kafin ka biya. Jerin allunan da ke aiki kuwa yana nan a Telnet BBS Guide.

RR-Net wata hanya ce daban. Katin sadarwa ne na kebul, kuma abokin tafiyarsa shi ne Contiki, ƙaramin tsarin da Adam Dunkels na ƙasar Suwidin ya fitar a 2003, mai ɗauke da burauza ta rubutu da manhajar hira ta IRC. Abin sha'awa ne ƙwarai ka ga shafi ya buɗu a kan injin kilobait 64, amma shafukan da zai iya buɗewa kai tsaye sun yi ƙaranci matuƙa, kuma CCGMS ba ta san da zaman RR-Net ba. Ban ba ka shawarar ka fara da shi ba.

Ultimate II+ ya fi su tsada, sai dai aikinsa ya wuce intanet. Yana maye gurbin na'urar faifai ta 1541, yana karanta filashi, yana da kafar kebul na sadarwa, kuma yana kwaikwayon modem mai sauri irin na SwiftLink wanda sababbin fitowar CCGMS suke ji. Idan ba ka da hanyar loda manhaja cikin kwamfutar a yanzu, ko fayafayan Baba sun fara lalacewa, shi ne sayen da ya fi, don jifa ɗaya ne tsuntsu biyu. Idan kuwa kana da hanyar lodi, modem mai Wi-Fi ya ishe ka.

Kafin duk wannan, don Allah ka duba adaftar wutar. Tsofaffin adaftocin Commodore 64 idan sun tsufa sukan saki wuta fiye da bolt 5 da ya kamata, su ƙone guntayen ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama ba. Ka sayi sabuwa, ko aƙalla ka sa a auna maka ita. Kuma kada ka taɓa soka ko zare wani abu a bayan kwamfutar tana kunne, ka kuma tabbata ba ka juya modem ɗin sama a ƙasa ba.

Tambaya: An yi mini tayin Amiga guda biyu, A500 da A1200. Ta biyun ta fi tsada sosai. Burina in riƙa karanta shafuka da imel. Bambancin ya kai a biya?

Amsa: Ga wannan burin naka, Malam, ya kai. A500 ta 1987 ce, injinta Motorola 68000, ƙwaƙwalwarta ta asali kilobait 512. Gwana ce a wasanni, kuma za ta shiga BBS da modem mai Wi-Fi ta kafar siriyal ba tare da gardama ba. Amma manhajojin da kake nema, wato burauzar IBrowse da AmiSSL mai buɗe shafukan https, suna bukatar injin 68020 ko sama. A1200 ta 1992 tana da shi, tana kuma da ramin katin PCMCIA a gefen hagu inda za ka soka katin sadarwa.

Sai dai kada ka ɗauka da ka biya kuɗin A1200 an gama. Megabait 2 da take zuwa da shi ba zai kai ka ko'ina ba, dole ka ƙara mata ƙwaƙwalwa, kuma a nan akwai tarko. Katunan ƙarin ƙwaƙwalwa masu megabait 8 da ba su da nasu injin sukan hau kan adireshin da ramin PCMCIA ke amfani da shi, sai katin sadarwarka ya ƙi aiki ka rasa dalili. Ko dai ka saita katin ya tsaya a megabait 4, ko ka sayi katin ƙarin gudu mai injin 68030 wanda aka tabbatar ba ya rikici da ramin. Shi kansa katin sadarwar ya zama tsohon samfuri mai bit 16, irin 3Com 3C589. Na CardBus da suka zo daga baya ba sa aiki a Amiga.

A ɓangaren manhaja, tsarin Amiga na wancan zamanin bai zo da abin da ke magana da intanet ba, sai ka ɗora. Akwai tsofaffi irin AmiTCP da Miami, amma ni Roadshow na Olaf Barthel nake zaɓa, saboda ba shi da nauyi kuma har yanzu ana sayar da shi. Shi da IBrowse duk suna da na gwaji mai ƙayyadadden lokaci, ka gwada kafin ka biya. IBrowse ta samu sabuwar fitowa a 2023, abin da ke burge ni ga manhajar da aka fara tun shekarun 1990. Amma ba ta fahimtar CSS, wato tsarin da ke jera fasalin shafi, don haka shafin zamani zai fito maka a warwatse, rubutu a jere har ƙasa. Inda za ka ji daɗinta shi ne Aminet, rumbun manhajojin Amiga da ke nan tun 1992, da shafuka marasa nauyi. Don imel akwai YAM, don hira akwai AmIRC.

Ka tambayi mai A1200 ɗin ko an canja mata kafasitoci. Na asalin sukan yi yoyo su cinye layukan allon ciki. Idan ba a canja ba, ka sa kuɗin gyaran cikin lissafi ka nemi ragi.

Tambaya: Ina da tsohuwar 486 mai DOS. Sai na ɗora mata Windows kafin ta shiga intanet?

Amsa: A'a, kuma kai ne ka fi kowa sauƙi a cikin masu tambayar yau. Ka nemi mTCP na Michael Brutman. Kyauta ne, kuma yana aiki har a kan injin 8088 irin na IBM PC ta 1981, balle 486. A cikinsa akwai DHCP na karɓar adireshi daga rauta, FTP na sauke fayil, Telnet na shiga BBS, manhajar hira IRCjr, da wadda ke saita agogon kwamfuta daga intanet. Abin saye ɗaya ne: katin sadarwa na ramin ISA, irin 3Com 3C509 ko dangin NE2000. Ka duba hoton katin da kyau ka ga yana da kafar RJ45 mai kusurwa huɗu, domin wasu tsofaffin zagayayyiyar kafar BNC kawai gare su, wadda ba za ta shiga rautarka ba. Ka kuma tabbata akwai direban fakiti (packet driver) na katin, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa shi, don da shi mTCP ke magana. Burauza kuwa akwai Arachne mai hotuna, akwai Links, akwai MicroWeb ga injinan da suka fi naka rauni.

Tambaya: Na ji ana cewa akwai dabarar da tsohuwar burauza za ta buɗe shafukan zamani. Sai an sayi wani abu? Kuma zan iya shiga imel ɗina na aiki ta nan?

Amsa: Dabarar ita ce a sa ɗan tsakani, Malama. Wata kwamfuta ta zamani ce za ta je ta ɗauko shafin, ta buɗe kullin, ta rage masa nauyi, sannan ta miƙa wa tsohuwar abin da za ta iya ɗauka. Mafi sauƙi shi ne FrogFind, wanda ba ya bukatar ki sayi komai: shafin bincike ne da ke buɗuwa a tsofaffin burauzoci, yana tsame rubutun shafi ya watsar da sauran. Akwai ɗan'uwansa 68k.news na labarai. Idan kina son ɗan tsakanin ya zauna a gidanki, ƙaramar Raspberry Pi ko tsohuwar laftof ta isa, ki ɗora mata WebOne, ko WRP wanda ke mayar da shafin gaba ɗaya hoto ya aiko. Ki kuma leƙa Gopher, tsarin da aka ƙirƙira a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1991. Jerin rubutu ne zalla, bai da kulli, kuma sabar Floodgap tana da injin bincikensa mai suna Veronica-2. Abu ɗaya da za ki lura: yawancin tsofaffin manhajojin nan ba su san UTF-8 ba, wato tsarin adana haruffa na zamani, don haka haruffa irin ƙ da ɗ da ɓ za su fito a matsayin tarkacen alamomi.

Imel na aiki kuwa, ina roƙonki kada ki yi. Telnet, FTP da tsohon IRC duk a buɗe suke aika kalmar sirri, duk wanda ke kan hanya zai iya karanta ta. Ɗan tsakanin da ba naki ba kuma yana ganin komai da kika rubuta. Ga shi manyan masu ba da imel sun rufe tsohuwar ƙofar, Gmail ya daina karɓar kalmar sirri zalla daga irin waɗannan manhajoji tun 2022. Idan sha'awar aika saƙo daga tsohuwar kwamfuta ce, ki buɗe wani akwatin imel daban da ba ki ajiye komai mai muhimmanci a ciki. Haka ma kowane BBS, ki ba shi kalmar sirrin da ba kya amfani da ita a wani wuri.

Tambaya: Ba ni da ko ɗaya tukuna, sha'awa ce kawai ta kama ni. Da wace zan fara?

Amsa: Kada ka sayi komai tukuna. Ka sauke manhajar kwaikwayo a kwamfutarka ta yau: VICE don Commodore 64, WinUAE don Amiga, DOSBox-X ko 86Box don DOS. Dukkansu kyauta ne kuma suna iya haɗuwa da intanet, sai dai WinUAE yana bukatar fayil ɗin Kickstart, manhajar da ke tayar da Amiga, wanda ake samu ta halal a kunshin Amiga Forever. Ka yi 'yan makonni kana shiga BBS da IRC ta cikinsu. Idan ka ga kana komawa da kanka, to ka sayi injin gaske.

In ka kai nan, ka sa Atari 800XL cikin waɗanda za ka duba, saboda FujiNet. Na'ura ɗaya ce mai guntun ESP32 da ake sokawa a kafar SIO, tana zama faifai, modem da firinta a lokaci guda, tana kuma ɗauko manhaja kai tsaye daga sabobin intanet ka loda ba tare da ka mallaki faifai ko ɗaya ba. Ita ce ke buɗe kullin TLS a madadin kwamfutar. An kuma yi irinta don Apple II. Duk wadda ka zaɓa, ka tambayi mai sayarwa ko PAL ce ko NTSC, wato tsarin hoton talabijin da take fitarwa, da irin wutar da adaftarta ke ci, 110 ko 220, ka gwada da talabijin da soket ɗin da kake da su.