Hutun iyali a jirgin ruwa: ta ina zan fara shiri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in kai iyalina hutun mako guda a irin manyan jiragen ruwan nan masu zagaya tekun Bahar Rum, idan yara sun samu dogon hutu. Mu shida ne: ni, uwargida, yara uku da mahaifiyata. Fasfo ɗin Najeriya gare mu duka, kuma uwargida tana da juna biyu. Me zan fara shiryawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka biya ko kwabo, ku zauna da uwargida ku lissafa makonnin cikin. Yawancin kamfanonin nan ba sa ɗaukar mace idan cikinta zai shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, kuma sukan nemi takardar likita. Asibitin jirgi ƙarami ne, ba shi da kwalbar da ake sa bakwaini. In lissafin bai ba ku ba, ku ɗaga tafiyar, amma ka sani jariri ma galibi sai ya cika wata 6 ake karɓarsa.

Sai biza, inda mutanenmu suka fi yin asara. Mutum ya ga farashi mai sauƙi ya biya, daga baya ya tarar jirgin zai yada zango a ƙasar da ba shi da izinin shiga. Ko ka ce ba za ka sauka a can ba, ana iya hana ka hawa tun daga tashar farko, kuɗin kuma ya tafi. Don haka jerin tashoshi za ka fara dubawa, ba hoton wurin ninkaya ba. Zagayen da ya tsaya a Basalona, Marseille, Genoa, Civitavecchia ta kusa da birnin Rum da Valletta ta Malta, bizar Shengen guda, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, ta wadatar. Da zarar Tunisiya ko Turkiyya ta shigo ciki, kana bukatar Shengen mai shiga da fita sau da yawa, ga kuma sharuɗɗan waccan ƙasar daban. Ni dai tafiyar farko, da yara da tsohuwa, ba zan ba ka shawarar wannan ba.

Ana karɓar takardun Shengen tun wata 6 kafin tafiya. Kuɗinta Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, na ƙasa da 6 kyauta, kuma kowa sai da inshorar lafiya ta akalla Yuro 30,000. Ka tabbatar inshorar ta haɗa da jinya a teku, saboda Hajiya, domin likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba. Kowane fasfo ya kasance da sauran wata 6 bayan dawowa.

Ku isa garin da za ku hau kwana guda kafin ranar tashi. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya dakata saura mutum ɗaya. Ko a zango kuka makara, sai dai ku bi shi tasha ta gaba da kuɗinku.

Ɗaki ɗaya yakan ɗauki mutum huɗu, don haka ɗaki biyu za ku kama, masu ƙofa a tsakani. Ka zaɓi na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, nan ne tangaɗi ya fi sauƙi ga mai ciki da mai jiri. Magungunan Hajiya da kayan canjin yara su zauna a jakar hannu, don manyan akwatuna sai wajen yamma suke isowa ƙofar ɗaki. Dutsen guga da butar lantarki a bar su gida, ƙwacewa ake yi. Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceton rai, wajibi ne har kan yara.

Batun abinci, ka rubuta wa kamfanin tun lokacin biya ka tambayi naman halal. In babu, kifi, ƙwai da kayan lambu suna nan birjik. Alƙibla kuwa juyawa take da juyin jirgi, sai a sake duba ta kowace salla. Idan giya a fili ce ke damunka, duba AROYA, jirgin yawon shaƙatawa na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024.

Kuɗin tikiti kuma ba shi ne ƙarshe ba. Akwai ladan ma'aikata da ake cira kullum a kan kowane mutum, ga lemo, intanet da yawon gari. Katin ɗaki shi ne makulli, shi ne kuma abin sayayya, saboda haka ka je teburin karɓar baƙi ka sa a toshe sayayya a katunan yara tun ranar farko. Wayoyi kuma a kashe musu layi da zarar an bar gaɓa, don cajin kira da data a tsakiyar teku tsada ne da shi ƙwarai.