Kwikwiyo ya ciji yarona: mu kashe shi ko mu kai shi asibitin dabbobi?

Tambaya

Likita, barka da aiki. Ina rubuto maka daga unguwar Zango a nan Damagaram. Maigidana ya samo kwikwiyo wajen wani abokinsa saboda gadin gida, bai fi wata huɗu ba. Jiya da maraice yarona ɗan shekara 7 yana wasa da shi, sai ya kafa masa haƙori a hannu har jini ya ɗan fito. Maƙwabciyata ta ce a tsige gashin karen a ƙona a shafa tokar a ciwon. Ƙanen maigida kuma ya ce a kashe shi kowa ya huta. Ni na rasa maganar wa zan ɗauka. Sannan asibitin dabbobi ai na shanu da tumaki ne, suna duba kare kuwa? Muna da kyanwa ma a gidan.

Amsa

Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Ki ajiye maganar kare tukuna, mu fara da yaron, domin tasa ce ba ta jira.

Yanzu-yanzu ki wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa har minti 15. Ki duba agogo, don minti 15 sun fi yadda mutum ke zato tsawo. Na san ruwa ba abin wasa ba ne a Damagaram, wani lokaci sai an saya wajen ƴan garuwa, amma jarka guda a kan wannan hannu ba asara ba ce. Ko da an kwana, wankin yana da amfani. Bayan haka ki shafa maganin ciwo Betadine idan akwai, kada ki ɗaure wurin da ƙarfi, ki ɗauki yaron zuwa asibitin unguwa ko babban asibitin ƙasa na Damagaram yau ɗin nan. Ki gaya musu a fili cewa kare ne ya cije shi, karen ba a san ya taɓa samun rigakafi ba, kuma jini ya fito. Idan babu allurar rigakafin haukan kare a inda kika je, su za su tura ki inda za a same ta.

Gashin kare da toka, da barkono, da taba, da duk abin da ake turawa cikin ciwo, babu wanda ke kashe ƙwayar cutar. Sai dai su ƙara datti, kuma su sa hankalin uwa ya kwanta a lokacin da bai kamata ya kwanta ba. Wannan na biyun shi ne ya fi ba ni tsoro.

Abin da muke gudu shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayarsa tana cikin yawun dabba, tana shiga ta cizo ko yakushi ko lasar wurin da fata ta buɗe. Daga nan ba ta bin jini, jijiyoyi take bi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ciwon hannu zai warke sarai, a manta da shi, sai bayan wata biyu ko uku cutar ta bayyana. Wani lokaci mako ɗaya ne, wani lokaci har shekara. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi haɗari, saboda ko dai hanyar zuwa ƙwaƙwalwa gajera ce, ko kuma jijiyoyi sun yi yawa a wurin. Da zarar alamu sun fito, mutum ya fara firgita da ruwa, maƙogwaro yana shaƙewa in ya zo sha, to kusan babu mai tashi. Amma kafin su fito, allura tana tare cutar a hanya. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allurar farko a Faransa ya rayu, duniya ta san cewa wannan mutuwa ce da ake iya hanawa. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15.

Yaran nan suna da wani dalili da ba a cika faɗa ba. Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron duka, musamman in an riga an hana shi wasa da kare. Naki ya nuna miki, to kada a dake shi. Ki yaba masa a gaban ƴan'uwansa, su ma su san in abu ya same su za su iya faɗa.

Allurar ba guda ɗaya ba ce. Ana yin ta ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, wani tsarin kuma akwai ƙari daga baya. Tunda jini ya fito, likita zai duba ko za a ƙara wani magani da ake tsirawa a gefen ciwon kansa, da kuma allurar tetanus. Kuɗin yana da nauyi a kan talaka, ban raina wannan ba. Amma kada a yi ta farko a ga ciwo ya bushe a daina. Likitan da ya fara shi ne kaɗai zai ce a tsaya.

Yanzu sai kwikwiyon. Ki roƙi maigida ya hana ƙanensa kashe shi. Karen nan a raye shi ne babban shaidarmu. Kare ba ya watsa cutar ta yawu sai ƴan kwanaki kafin alamu su bayyana a jikinsa, kuma daga nan ba ya daɗewa yake mutuwa. Saboda haka idan aka tsare shi kwana 10 bayan cizon yana ci yana sha yana wasa, mun san ranar da ya yi cizon babu cutar a yawunsa. Kwana 10 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ce, tsarin Faransa kuwa kwana 15 ne, likitan dabbobi zai gaya muku wanda za a bi. Idan aka kashe shi aka jefar a juji, an rufe wannan ƙofa, an bar ku cikin zullumi. Amma ki lura da kyau, tsare karen ba dalilin jinkirta allurar yaro ba ne. Tare ake yin su.

A ɗaure shi a inuwa inda yara da kaji da awaki ba sa zuwa, babban mutum guda ya riƙa ba shi abinci da ruwa. Abin da za a sa wa ido shi ne canjin hali. Mai fara'a ya koma ɓuya a lungu, ko ya riƙa cizon itace da dutse da igiyarsa, haushinsa ya dushe, yawu na dalala, ƙafafun baya suna ja. Akwai kuma nau'in da ba ya faɗa ko kaɗan, wanda ya fi yaudarar mutane. Za ki ga kare zaune shiru, haɓarsa ta ƙasa ta saki, baki a buɗe, harshe ya bushe ƙura ta manne masa, yana kallon mutum kamar mai neman taimako. Sai mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale, ya zura hannu cikin bakin. Makiyaya ma suna yin haka da saniyar da ta kasa haɗiya. Kada kowa ya yi. Kuma kada a gwada shi da kwanon ruwa a ce tunda ya sha lafiyarsa lau, domin tsoron ruwa alamar mutum ce, kare mai cutar yakan sha. Idan ya mutu cikin kwanakin, kada a binne kafin a sanar da ma'aikatan kiwo, saboda a ƙwaƙwalwarsa ake yin gwajin da ke tabbatarwa.

Kin ce asibitin dabbobi na shanu da tumaki ne. Gaskiya su suka fi yawa a ƙofarmu, balle gab da babbar Salla, amma karatun likitan dabbobi ya haɗa har kare da kyanwa da doki da tantabara. Ku kawo shi tun yanzu a fara dubawa. Za a auna zafinsa, wanda a kare lafiyayye yake tsakanin 38 da 39, a ɗaga leɓensa a ga launin dasashi, a shafa bayan kunne da tsakanin yatsu a nemi kaska. Rigakafin haukan kare kuwa sai kwanakin tsaro sun cika za a yi masa. Daga wata uku ake yin ta, a maimaita kowace shekara, a rubuta a karne, wato katin rigakafi. Ki adana karnen nan tare da na yara. Ranar da karenku ya ciji ɗan maƙwabci, ita ce takardar da za ta kwantar da rigima. Kuma ba gidanku kaɗai ke amfana ba, domin idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari rigakafi, cutar ba ta samun hanyar yawo.

Allurar tana son sanyi, tsakanin digiri 2 da 8. Wadda ta yini a jakar mai talla cikin zafin watan Afrilu tana iya lalacewa. Ki ga an ciro ta daga firigo ko akwatin ƙanƙara a gabanki.

Akwai wata rigakafin ta cututtukan kwikwiyo, musamman mai sa amai da gudawar jini wadda ke kashe su cikin ƴan kwanaki, ki tambaya a haɗa masa. Maganin tsutsar ciki kuma kowane wata har ya kai wata shida, daga nan duk bayan wata uku. Wannan ma don yaranki ne, saboda ƙwan tsutsar yana fita a kashin kare ya zauna a ƙasar tsakar gida inda suke rarrafe. A riƙa kwashe kashin kullum. Ranar layya kuma, in an feɗe rago aka ga huhu ko hanta da ƙulli mai ruwa a ciki, kada a jefa wa kare. A binne da zurfi ko a ƙona. Idan ya ci ɗanye, wata tsutsa ke girma a hanjinsa, ƙwanta ya koma kan mutane ya yi irin wannan ƙulli a hantarsu.

Kaska da ƙuma da ƙazuwa suna da magungunansu da ake aunawa da nauyin dabba. Baƙin mai da kananzir da fiya-fiya da ake shafa musu suna ƙona fata, dabba ta lashe ta sha guba.

Kyanwarki ma tana iya kamuwa da haukan kare, kuma tana yawo kan katangu da dare inda ba ki san da wa ta haɗu ba, don haka ita ma a yi mata rigakafin. Abu biyu ne ke kashe kyanwa a hannun masu ƙaunarta. Na farko paracetamol, ƙwaya guda ta isa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Za a ga dasashinta ya yi duhu, fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Na biyu maganin kaskar kare mai permethrin, wanda ke sa ta karkarwa da farfaɗiya. Duk abin da aka ba ku don kwikwiyon kada ya taɓa ta. In za ku kawo ta, a sa ta cikin kwali mai ƙarfi da aka huda wa ƙofofin iska, a shimfiɗa tsumman da ta saba kwanciya a kai, a taho da safe kafin rana ta yi zafi. Kada a rungumo ta a kan kabu-kabu, ƙarar farko za ta yakushi mai riƙe da ita ta tsere.