Ka zo da takalmi mai ƙwari, ƙanena

Ƙanena, na ga saƙonka, na kuma yi murna da gurbin karatun da ka samu a Budafes, babban birnin ƙasar Hungary. Allah Ya sanya albarka. Ka ce abin da ke damunka shi ne ba mota, kuɗi kaɗan ne, ba ka san kowa ba, to yaya za ka saba da gari? Ni dai da ƙafa na saba da shi. Ka taka shi tun a watan Satumba, kafin sanyi ya kulle ka a ɗaki, domin a Disamba ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, kuma kaɗaici a lokacin ba ya da daɗi.

Garuruwa uku ne aka haɗe a 1873: Buda da Obuda da Pest, kogin Danub ya raba su. Pest a shimfiɗe yake kamar faifai, Buda kuwa hawa da gangara. Ka fara daga ginin majalisa, ka bi bakin kogi ka yi kudu. Ba za ka yi nisa ba za ka tarar da takalman ƙarfe na mutum 60 a jere a gaɓar ruwa. An ajiye su ne don tunawa da Yahudawan da aka sa suka cire takalmansu, aka harbe su suka faɗa kogin a 1944 da 1945. Akwai na ƙaramin yaro a ciki. Na daɗe tsaye a kansa, jikina ya yi sanyi.

Daga nan ka haye Gadar Sarƙa, wadda aka buɗe a 1849, ka juya arewa zuwa kabarin Gul Baba. Nan ne nake so ka je, ko da ba ka je ko'ina ba. Turkawan Usmaniyya sun riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, shi kuma wannan bawan Allah sufi ne da ya rasu a shekarar da suka shigo. Hanyar da ke ɗauke da sunansa ƙunci gare ta, shimfiɗe da duwatsu, hawanta sai ka yi haki. A sama akwai lambun furanni da ƙaramar hubbare mai kusurwa takwas, ga gari duka a ƙasanka. Ranar da na fara zuwa na yi masa addu'a, sai na ji baƙuntar da ke ƙirjina ta ragu.

In yunwa ta kama ka a hanya, ka duba takardar abinci da kyau: kalmar "sertés" naman alade ke nan, kuma suna yawan girki da kitsensa, don haka ka tambaya. Kuɗinsu forint ne, ba yuro ba. In ƙafa ta gaji ka hau taragon titi mai lamba 2, amma ka buga tikitinka a na'ura da zarar ka shiga, masu bincike ba sa karɓar uzuri.

Ka turo mini ranar saukarka, in Allah Ya yarda Asabar ɗin farko tare za mu taka.