Ɗakin littattafai a Garwa ta Kamaru: kabad na kanti ko aikin kafinta?

Tambaya: Maigidana ya gaji littattafan mahaifinsa, kwali shida, ga kuma nasa na Faransanci tun na makaranta. Mun ware musu ɗan ƙaramin ɗaki. In sayi kabad mai sheƙi irin wanda ake shigowa da shi, ko in sa kafinta ya buga mana kanta? Daga wata uwargida a Garwa.

Amsa: Hajiya, ki nemi kafinta. Wancan kabad ɗin garin katako ne aka matse da gam, aka lulluɓe da leda. Littattafan Larabci masu kaurin bango nauyi gare su. Ki jera su a kansa, kafin damina biyu tsakiyarsa ta lotsa kamar bayan tsohon jaki. In kuwa ruwan goge ɗaki ya taɓa ƙafarsa, sai ya kumbura.

Ki ce da kafinta iroko kike so, wanda ake haurowa da shi daga kudu, ko maɗaci. Kada ya lallaɓe ki da ayus, farin katakon nan mai araha, don abincin gara ne. Kowane allo kada tsawonsa ya wuce santimita 80 ba tare da tokara ba.

Zancen gara ba wasa nake ba. Na taɓa barin wani littafi a ƙasa, jikin bango, wata uku. Da na ɗaga shi, bangonsa lafiya lau, cikin kuwa jar ƙasa zalla. Saboda haka a yi wa kantar ƙafafun ƙarfe, taki ɗaya daga ƙasa, a janye ta yatsa huɗu daga bango, yadda tsintsiya za ta shiga, ke ma ki hango hanyar gara tun tana siririya.

Ƙofar gilashi kam a sa, saboda ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kada kantar ta fuskanci tagar yamma. Ranar Maris da Afrilu a Garwa tana haura digiri 40, takarda ta yi ja, ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Labule mai kauri ya isa.

Ado kuma ba sai an kashe jaka da yawa ba. Alƙur'ani a can sama cikin gafakarsa, darduma a ƙasa, tumtum biyu na fata irin ɗinkin Marwa, fitila mai caji don ranar da aka ɗauke wuta. In allon karatun marigayi yana nan, a rataye shi.

Tambaya: Na ga ana jera littattafai bisa launi, ja da ja, kore da kore. In kwaikwaya? Daga wani ɗalibi a Njamena.

Amsa: A hoto yana da kyau, ɗana. Amma ranar da kake neman littafin nahawu da daddare, ba launinsa za ka tuna ba. Jera fiƙihu gefe, lissafi gefe, na Faransanci gefe, dogaye a ƙasa.